Yadda 'yata kurma ta kai ga karɓar Tarayya Mai Tsarki ta farko

Na rubuta wannan ne domin iyayen da ke da yaro kurma a Cocin Katolika, waɗanda duk shekara suke kallon sa'o'in ɗansu cikin fararen kaya a gaban bagade, nasu kuwa yana zaune a benci yana bin su da ido. 'Yata ta biyu tana da shekara uku sanƙarau ya kwantar da ita, ana tsakiyar zafin bazara. Allah ya tashi kafaɗunta, amma kunnuwan ba su dawo ba. An yi mata baftisma tun tana jaririya a ƙauyenmu da ke kudancin Kaduna, kafin aikin babanta ya dawo da mu cikin gari. Tana makarantar kurame, tana karatu tana rubutu, ga wayo ga tsiwa. Amma har ta cika sha biyu ba ta karɓi Jikin Kristi ba, wato gurasar da ake tsarkakewa a coci a ba masu bi, alhali ƙaninta ya riga ya karɓa. Ita da kanta ta tayar da maganar wata Lahadi: ta nuna layin masu karɓa, ta nuna bakinta, ta juya tafin hannu sama tana kallona.

Na fara da inda kowa ke farawa, wato wurin katikis, malamin da ke koyar da addini a coci. A farish ɗinmu ana buɗe rajistar ajin katikisma a watan Janairu, a riƙa karatu duk Asabar da yamma, a yi jarabawa a Oktoba, a karɓi Tarayya ta farko a Nuwamba dab da bikin Kristi Sarki. Na same shi bayan Mas ɗin Hausa, yana zaune a gindin dalbejiya da littafin rajista a cinya. Dattijo ne mai kirki, shi ya koyar da sauran yarana. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya zare tabarau ya ce, "Mama, to yaya za a yi ta amsa tambayoyin? Ajin nan hadda ake yi. Ina tambaya, suna amsawa baki ɗaya. Wanda bai iya faɗa ba, ban san yadda zan kai sunansa gaban Fada ba." Bai kore ni ba, bai kuma rubuta sunanta ba. Ya ce in bari ya yi shawara. Shawarar nan ba ta ƙare ba har muka shiga azumin kwana arba'in, sauran yara sun yi nisa a addu'o'i.

A tsakanin nan na sha shawarwari a Zumuntar Mata ta coci. Wasu suka ce in haƙura, Allah ya san da ita. Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, suka ce ai irin waɗannan yaran ba su da zunubi, mala'iku ne, in je kawai in yi wa Fada kuka ya sa mata a baki, ba sai ta shiga aji ba. Wannan ta biyun ta fi ta farko ci mini rai. Ni na haife ta, na san halinta. In ta fasa kofi tana iya ɗora wa ƙaninta laifin ko gezau, in ta ƙullaci mutum kuwa sai ta wuni ba ta kalle shi ba. Yarinyar da ta iya ƙarya ta san gaskiya, kuma haƙƙinta ne a koya mata addininta yadda aka koya wa 'yan'uwanta.

Sai na tsallake kowa na nufi ofishin Fada. Ranakun ganinsa a wurinmu Talata ce da Alhamis daga ƙarfe tara, amma wanda ya zo ƙarfe tara ya makara. Masu neman a yi musu Mas, masu shirin aure, masu neman taimakon kuɗin makaranta, duk benci ɗaya ake zama a baranda, sakatariya tana kira bi da bi. Na ɗauko yarinyar daga makaranta na tafi da ita, kuma zuwanta ya fi kowace takarda yi mana amfani. Sai wajen ƙarfe ɗaya muka shiga. Fada ya gaishe ni, ya gaishe ta, ta yi murmushi ba ta amsa ba. Sai ya jawo takarda ya rubuta mata da Turanci, yana tambayar sunanta da abin da take so. Ta karɓi biro ta rubuta sunanta, a ƙasa ta rubuta cewa tana son Yesu a baki irin na ƙaninta. Turancin a karkace yake, amma ba wanda zai karanta ya ce bai gane ba.

Fada ya miƙe ya ɗauko kundin dokokin Ikilisiya na 1983, ya riƙa karantawa yana juya mini da Hausa. Doka ta 913 ta ce kafin a ba yara Tarayya sai sun sami isasshen sani da shiri mai kyau, yadda za su fahimci asirin Kristi gwargwadon iyawarsu, su karɓa da bangaskiya da ladabi. Ya ɗago ya ce, "Mama, kin ji inda aka ce sai an haddace da baki? Babu." Ya buɗe doka ta 777, inda aka lissafa wa shugaban farish ayyukansa na koyarwa, cikinsu har da tabbatar da cewa masu larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa sun sami koyarwar addini gwargwadon halinsu. Ya ce wannan nauyi a wuyansa yake, ba nawa ba, ba kuma na katikis ba. Ya ƙara da cewa tun 1910 Paparoma Pius na 10 ya sauko da shekarun karɓar Tarayya zuwa wajen bakwai, ma'aunin da ya kafa kuwa shi ne yaro ya iya bambanta gurasar bagade da abincin gida. Ya ce in kawo katin baftismarta, in nemo wanda ya iya maganar hannu, shi kuma zai yi wa katikis magana. Asabar ɗin da ta biyo baya sunanta ya shiga rajista. Kuɗin rajistar naira 1,500 ne, daidai da na kowane yaro. Na fito daga ofishin nan da farin ciki da haushi a cakuɗe, domin amsar da na jira shekaru ashe tana cikin littafin da ke kan kanta tun kafin a haife ta.

Katin baftisma shi ya ba ni wahalar da ban zata ba. Namu ruwa ya ci shi a wani gidan haya da muka zauna, kuma babu yadda za a ba yaro Tarayya ba tare da shaidar baftisma ba. A jikin katin ne ma ake cike ranar Tarayya ta farko, daga baya ranar ƙarfafawa (sakramentin da ke tabbatar da baftisma) da ta aure. Na shiga mota zuwa ƙauye, na je cocin da aka yi mata baftismar, sai aka ce mini littattafansu sun fara ne daga shekarar da suka zama farish. A lokacin da aka yi mata, cocin namu reshe ne, Fada daga wani gari yake zuwa, saboda haka rajistar tana can uwar farish. Na hau acaɓa zuwa can. Sakataren ya tambaye ni shekara da wata, sunan uba da uwa, sunan uwar baftisma, da sunan Fadan da ya yi. Ya fito da wani ƙaton littafi da gefensa ya fara cinyewa, muka riƙa bi da yatsa layi-layi. Mun wuce sunan sau da yawa ba mu gani ba, saboda an rubuta sunan gidanmu da harafi daban. Sunan uwar baftismar ne ya cece mu. Na biya naira 2,000 na sabon kati, amma kati ba shi da amfani sai da hatimin farish da sa hannun Fada, shi kuwa ya tafi rassa sai gobe. Na kwana a gidan wata 'yar'uwa, da safe na karɓa. Kafin in bar harabar na ɗauki hotonsa gaba da baya a waya.

Da takarda ta samu, sai babbar matsalar ta fito fili, wato da wane yare za a koya mata. A gida muna da namu alamomin da muka ƙirƙira tun tana ƙarama: ci, sha, wanka, Baba, kasuwa, zo, bari. Sun ishe mu zaman gida, amma ba za su ɗauki zunubi da gafara da tashin matattu ba. Maganar hannun da ake koya musu a makaranta kuma daban ce. Tushenta na Amurka ne, tun zamanin Andrew Foster, wani ɗan mishan baƙar fata, shi ma kurma, da ya zo daga Amurka ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Rubutun da ke tafiya da ita Turanci ne. Ke nan 'yata, wadda iyayenta da Hausa suke addu'a safe da dare, ba ta karanta Hausa. Littafin katikisma na Hausa da na saya mata ta juya shi ta kalli hotuna ta ajiye. Akwai kuma tsohuwar maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa, wadda za ka ga manya suna yi a kasuwa da tasha, ita ma ba ɗaya ba ce da ta makaranta. Saboda haka in an ce wane ya iya maganar kurame, a fara tambaya wacce. Akwai wani bawan Allah a cocinmu da ya yi tayi, ya ce yana hira da kuramen kasuwa. Muka haɗa su, yarinyar ta kalle shi ta kalle ni. Da mun bar shi ya koyar da ita, da zuba ruwa a kwando muka yi.

Na koma makarantarta na ga shugabar, ta haɗa ni da wata malama da ke koyar da ajinsu. Malamar 'yar ECWA ce, kuma tun ranar farko ta faɗa mini gaskiya: labarin Yesu ta san shi, alamominsa ta san su, amma abin da Katolika ke nufi da Mas da sakramenti sai an koya mata kafin ta koyar. Muka daidaita a kan naira 3,000 kuɗin mota duk Asabar, ta ƙi karɓar komai bayan wannan. Fada kuma ya ba ni wasiƙa zuwa sakatariyar dayosis, wato ofishin Bishop. Can na yi zaman jira na rabin wuni, daga wannan tebur zuwa wancan, amma na fito da lambar wata Sista da ta karanci ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Jos. Sista ba ta da lokacin zuwa duk mako, sai ta zauna da katikis da malamar suka tsara darussan. Ita ce kuma ta san wani kafinta kurma ɗan Katolika, magidanci mai 'ya'ya, da ya daina zuwa coci saboda ya gaji da zama awa biyu yana kallon bakin mutane. Ta je har shagonsa ta roƙe shi.

Kuɗin motar malamar ya fara yi mana nauyi, sai Fada ya ce a kai maganar majalisar farish. Majalisar wata-wata take zama, bayan Mas na biyu, kuma sai an ba sakatare batun a rubuce tun da wuri kafin ya shiga jerin abubuwan tattaunawa. Namu ya zo can ƙarshe, bayan rufin zaure da lissafin bikin girbi, kowa ya gaji yunwa ta taso. Wani daga cikin dattawa ya ce, ba da mugun nufi ba, "Yanzu saboda yarinya ɗaya za a buɗe sabon layin kashe kuɗi?" Sista ce ta amsa. Ta ce yarinya ɗaya ce ta fito, sauran suna gida saboda sun san ba abin da za su tarar. Ta tuna musu cewa a watan Yunin 2016, a Roma, an tambayi marigayi Paparoma Francis game da limamin da ba ya karɓar masu nakasa, ya ce gara irin wannan ya rufe ƙofar cocin, domin ko dai kowa ya shiga ko kada kowa ya shiga. Ta ce jagoran koyar da katikisma da fadar Paparoma ta fitar a 2020 ya faɗa ƙarara cewa ba wanda ke da ikon hana masu nakasa sakramenti. Wani lauya a majalisar ya ƙara da dokar ƙasa ta hana wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara hanyoyinsu. Ya ce wa'adin ya wuce, mu kuwa matakala huɗu ne a ƙofarmu, da hannu matasa ke ɗaga keken wani dattijo duk Lahadi kamar ba mutum a kai. A ƙarshe majalisa ta ɗauki rabin kuɗin malamar, Zumuntar Mata ta ɗauki rabi, maganar gangaren siminti a ƙofa kuma aka miƙa wa kwamitin gini.

Yadda aka tsara ajin shi ne ta zauna tare da sauran yara a rabin farko, malama tana gefen katikis tana juya mata, sannan a rabi na biyu su koma ƙaramin ɗaki su huɗu: ita, malama, kafinta, da katikis. Na nace a kan rabin farkon nan, domin ban so ta zama 'yar ɗakin gefe da yaran ba su sani ba. Katikis ya sha wuya da farko. Ya saba magana yana tafiya yana juya wa aji baya, ya saba jefo tambaya biyar a jere. Sai da ya koyi tsayawa wuri ɗaya, ya faɗi jumla guda, ya jira hannun malama ya sauka. Da kansa ya ce mini sauran yaran ma sun fi ganewa da ya rage gudu. Kafintan ne ya fi kowa iya isar mata da saƙo. Ranar da ya koya mata alamar Yesu ina wurin: ya taɓa tsakiyar tafin hagu da yatsan tsakiya na dama, ya taɓa na dama da na hagu, sannan ya kai ta gaban gicciye ya nuna mata wurin ƙusoshin. Ta san alamar tun a makaranta, amma ba ta taɓa haɗa ta da ƙusa ba. Ta daɗe a tsaye. Ubanmu wanda ke cikin sama da A gaishe ki Maryamu ta haddace su da hannu, kuma wannan ma hadda ce, har da gyara mini in na karkata yatsa.

Darasin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne na gurasar. Katikis ya kawo wadda ba a tsarkake ba, ya ajiye kusa da burodi da biskit, ya ba ta ta taɓa ta ɗanɗana. Ta yamutsa fuska ta ce ba gishiri. Sai ta yi tambayar da yaran da ke ji ba su cika yi ba: in kamanninta ɗaya ne kafin Mas da bayan Mas, ta yaya za ta san wacce ce Yesu? Malama ta kalli katikis, katikis ya aika a kira Fada. Fada ya zo ya tsaya a bagade ba kowa a coci, ya bi da ita abin da yake yi mataki-mataki, inda yake shimfiɗa hannuwa a kan gurasa da ƙoƙo, kalmomin da yake faɗa, malama tana juyawa. Sannan ya kai ta gaban akwatin da ake ajiye Jikin Kristi, ya nuna mata jar fitilar da ba ta mutuwa, ya durƙusa. Ya ce mata ido ba ya bambantawa, ko nasa idon, maganar Yesu muka gaskata.

Zaman coci ma sai da aka gyara. Mun saba zama a baya kusa da ƙofa, inda ba ta ganin komai sai ɗankwalin mata. Aka ba mu benci na biyu a gefen da ake karatu, malama tana tsaye inda yarinyar za ta ga hannunta ta kuma ga bagade ba sai ta juya wuya ba. Lahadin farko malamar ta tsaya taga tana bayanta, haske ya mayar da ita inuwa, dole aka sauya mata wuri. Mun kuma bar Mas ɗin asuba, domin in aka ɗauke wuta kafin gari ya waye, ita an rufe mata komai ke nan. Ƙararrawar da ake kaɗawa in Fada zai ɗaga Jikin Kristi ba ta jin ta, sai ƙaninta ya riƙa taɓa mata gwiwa. Ganga kuwa tana jin ta a ƙirji da tafin ƙafa, in matan zumunta suka saki kiɗa ita ce ta farko a rawa.

Jarabawa a Oktoba Fada da kansa ya yi mata, malama tana tsakani, ni kuma aka ce in jira a waje, kuma daidai ne. Daga baya malamar ta ba ni labari. Ya tambaye ta wane ne ya halicce ta, wane ne Yesu, me ya sa ya mutu. Ya sa ta yi addu'o'in da hannu. Ya ajiye hoton burodi da hoton Fada yana ɗaga gurasa a Mas ya ce ta bambanta. Ta nuna na farko ta yi alamar ci da ƙoshi, ta nuna na biyu ta taɓa tafukanta biyu. Ya sa hannu a katinta.

Saura furta zunubi, wanda doka ta 914 ta ce ya riga Tarayya ta farko. Wannan ne ya fi hana ni barci, domin ɗakin furta zunubi na cocinmu duhu ne, ga labule tsakanin Fada da mai tuba, an gina shi don kunne kawai. Na ce wa Fada ni zan shiga in fassara mata. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ke za ki so mahaifiyarki ta zauna a naki?" Ya bayyana mana hanya biyu. Doka ta 990 ta yarda mutum ya furta ta bakin tafinta, doka ta 983 kuma ta ɗaure tafintan da riƙe sirrin abin da ya ji, amma mai tuban ne ke zaɓa, ba a tilasta masa. Ko kuma ta rubuta. Aka tambaye ta, ta kalli malamarta da za su haɗu a aji ranar Litinin, ta ce rubutu. Sista ta shirya mata takarda mai hotuna da gajerun jimloli na Turanci don binciken zuciya, ta zauna da ita a gida ta rufe ƙofa. Ranar, Fada ya sa kujera biyu suna fuskantar juna a gefen bagade, a sarari inda kowa ke hango su amma ba mai iya karanta takardar. Ta miƙa, ya karanta, ya rubuta mata nasiha da addu'ar da za ta yi, ya ba ta kati mai kalmomin gafara ta riƙa bi da ido yana faɗa, ya yi alamar gicciye a hankali yadda za ta gani. Ya mayar mata da takardarta, ta yayyaga ta da kanta ta cusa a aljihu. Har yau ban san abin da ke ciki ba.

Ranar Tarayya ba a ware ta ba, tsakiyar layi aka sa ta bisa tsayinta. Farar rigar ni na ɗinka. Azumin awa ɗaya kafin karɓa na nuna mata shi a agogon bango tun da safe, ta riƙa gadin ƙaninta kada ya ci wani abu, shi da ba sabon shiga ba. Da ta iso gaba Fada ya ɗaga gurasar daidai idonta ya ɗan dakata, ta yi amin da hannu, ta karɓa. Kafintan yana layin manya a bayansu, ya yi nasa furta zunubin a rubuce mako guda kafin nan. Bayan Mas muka kai kati ofis aka cike gurbin aka buga hatimi. Kada a manta da wannan a cikin hidimar shinkafa da hotuna, domin za a neme shi lokacin ƙarfafawa.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan ce shi ne a fara da Fada, ba da katikis ba. Ba don katikis mugu ne ba, sai don ba shi da ikon sauya tsarin aji, kuma in aka ba shi tambayar da ta fi ƙarfinsa zai ce a jira. A tafi da yaron, a bar shi ya yi magana da kansa ta hanyar da ya iya. Ba a tambaye ni takardar asibiti ko ɗaya ba, katin baftisma kaɗai aka nema, saboda haka a nemo shi tun kafin Janairu, kuma in an yi baftismar a reshe, a tambayi wace farish ce ke riƙe da reshen a wannan shekarar kafin a kashe kuɗin mota. Tafinta a makarantar yaron ake samunsa, ko da ba ɗan Katolika ba ne, muddin zai yarda ya zauna da katikis. In akwai babban kurma ɗan coci a gari, a neme shi ko da ya daina zuwa. Kuɗi mafi yawa a kan motar malama ya tafi, sai tafiyar ƙauye, kuma bai kamata iyaye su ɗauka su kaɗai ba. Doka ta 848 ta hana a hana mabuƙaci sakramenti saboda talauci, a kai maganar majalisa a rubuce, a kuma je da wanda zai iya tsayawa ya yi bayani in an fara lissafin kai nawa ne. Wanda ɗansa larurar ƙwaƙwalwa ce ke gare shi ba kurumta ba, ƙofar ɗaya ce. Paparoma Benedict na 16 ya rubuta a 2007 cewa a ba irin waɗannan Tarayya in an yi musu baftisma da ƙarfafawa, domin suna karɓa ne har cikin bangaskiyar iyali da jama'ar da ke tare da su. A wannan rubutun ne kuma ya ce a kawar da duk abin da ke hana masu nakasa shiga ginin coci.

Bayan Kirsimeti wasu iyalai biyu suka kawo nasu yaran, ɗaya kurma ɗaya mai larurar ƙwaƙwalwa, katikis ya rubuta su ba tare da ya ce zai yi shawara ba. Gangaren ƙofa an zuba shi, sai dai na farkon ya yi tsaye da yawa, dattijon mai keke ya gwada ya ce a fasa a sake, aka sake. Abin da har yanzu ba mu warware ba shi ne wa'azi. Malamar tana da nata cocin, Lahadi biyu a wata take iya zuwa, sauran Lahadin yarinyar da kafintan takardar karatun ranar kawai suke riƙewa. Matasa uku daga cikin mawaƙa sun fara koyon maganar hannu a shagon kafintan ranar Laraba da yamma, amma ba su kai ga bin saurin Fada ba tukuna. Na rubuta wa majalisa ina roƙon a riƙa ba su wa'azin a rubuce tun ranar Asabar, an ce batun zai shiga zaman wata mai zuwa.